Garkar Bayan Ɗaki: Yadda Gida Zai Ciyar da Tukunyarsa Daga Damina Zuwa Bazara a Janfalan

Duk wanda ya ratsa ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan a watan Fabrairu, sa'ad da sanyin hunturu ya fara sassautawa, ya ga kwandunan tumatir jere a bakin titi, ya ga manyan motoci ana ɗora musu kaya za su nufi Legas, ya kuma ga mata da yara suna yanka abin da ya rasa mai saye suna shanyawa har fili ya yi jawur, ba zai taɓa zaton cewa bayan wata huɗu kacal, a cikin waɗannan garuruwa da kansu, uwargida za ta aiki yaro kasuwa ya komo mata da tumatir uku a tafin hannu, a kan kuɗin da a da za su cika mata faranti ba. Amma haka al'amarin yake kowace shekara, a Janfalan da Paki da Auchan da Hunkuyi, har mutane sun saba da shi, suna ɗaukarsa tamkar ƙaddarar da ba ta da magani.

Alhali kuwa wani sashe na maganin yana nan a bayan ɗaki. Kakanninmu, waɗanda ba su san injin ban ruwa ko takin zamani ba, ba safai suke barin gida babu 'yar garka ba: ga kuɓewa a jikin danga, ga kabewa ta haye rufin ɗaki, ga zogale a kusurwa, ga lalle a ƙofar turaka. Lambun fadama na kasuwa ne, kuma maigida ke da shi; ita kuwa garka ta tukunya ce, galibi a hannun mata da tsofaffi take. Abin mamaki game da ita shi ne, kusan duk abin da take bukata yana cikin abin da gida ke zubarwa: tokar murhu, da kashin awaki na turke, da fasasshen tulu, da ruwan alwala. Sharaɗinta guda ne tak, wato mai ita ya san lokaci.

Sanin lokaci

Malaman hisabi na ƙasar Hausa, bisa abin da suka gada daga littattafan Larabawa, sun kasa shekarar manomi zuwa taurari 28, kowane tauraro da kwana 13, in ban da Jabha mai kwana 14, jimla kwana 365. Suka kuma raba su fasali huɗu, bakwai-bakwai. Wannan lissafi da rana yake tafiya, don haka ba ya zagayawa yadda watannin azumi da salla ke zagayawa, shi ya sa dattawa suka dogara da shi wajen shuka. Ko wanda bai haddace sunayen taurarin ba ya san fasalin da jikinsa, ko da yake tsawonsu a zahiri bai zo daidai da na lissafin ba: damina daga wajen Mayu zuwa farkon Oktoba, wadda ruwanta a wannan yanki na Zazzau yakan kai kimanin milimita 1,000, mafi yawansa a Agusta; sai kaka, lokacin girbi; sai hunturu mai sanyi da hazo, wanda ƙarfinsa ke Disamba da Janairu; sai bazara mai zafi a Maris da Afrilu. Kowane fasali yana da tsiron da yake ƙauna da wanda yake ƙi, kuma mafi yawan hasarar da masu garka ke yi tana zuwa ne daga tilasta wa tsiro fasalin da ba nasa ba.

Danga kafin iri

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai niyyar garka, tun kafin ya kwance ƙullin iri, wajibi ne ya fara da danga, domin babu ƙwaro ko tsutsar da ke yin ɓarnar da akuya guda ke yi cikin sa'a ɗaya. Darnin kara ya isa a shekarar farko, amma wanda ya kafa rassan bini-da-zugu ko aduruku ko zogale a farkon damina ya sami shingen da ke raye, wanda gara ba ta ci, iska ba ta kayarwa. A nan ma fiƙihu bai bar mu a duhu ba, gama hukuncin da ɗalibai ke karantawa a Risala shi ne, abin da dabbobi suka ɓata na shuka da dare masu dabbobin ne ke biya, amma ɓarnar rana babu ramuwa a kanta, tun da tsaron shuka da rana yana wuyan mai ita. Wanda ya bar garkarsa a buɗe, akuyar maƙwabci ta shiga da hantsi, to, ya rasa ganye, ya kuma rasa hujja.

Bayan danga sai wuri. Kayan miya suna son rana ta same su aƙalla sa'a shida a yini, saboda haka gindin mangwaro ko inuwar katanga ta arewa ba su dace ba. Bayan wuri sai ƙasa. A tona rami a kusurwar gida, a riƙa zuba shara mai ruɓewa da kashin dabbobi da ɓawon kayan miya da 'yar toka, ana yayyafa ruwa ana juyawa, a tsince leda da fasasshiyar kwalba da tsohon batir. Bayan wata biyu zuwa uku, idan ya yi baƙi, warinsa ya koma na ƙasar da ta sha ruwan fari, ya zama taki. Kashin kaji ya fi kowanne ƙarfi, amma ɗanyensa wuta ne, yakan ƙone saiwa, sai ya kwana biyu ya huce tukuna. Ƙasa mai laka a sassauta ta da yashi da taki, mai yashi kuwa a ƙara mata taki don ta riƙe ruwa.

Damina: zamanin ganye

Ruwan fari mayaudari ne. Sau da yawa yakan sauka a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, mai gaggawa ya zuba irinsa, sa'an nan sama ta ɗauke kwana goma sha, tsiro ya ƙone. Mai hankali yakan jira har ƙasa ta sha, ya tona ya ga laima ta kai tsawon taƙi, kana ya shuka. Tun da ruwan Agusta yakan kwanta a tsakar gida, a damina bisa kunya ake shuka, ko bisa tudun da aka tayar, don kada saiwa ta ruɓe.

Sarauniyar wannan fasali ita ce kuɓewa. A jiƙa irinta ya kwana a ruwa, a sa ƙwaya biyu ko uku a rami, tsakanin rami da rami kamu guda, in sun fito a bar mafi ƙarfi. Cikin wata biyu ko ƙasa da haka takan fara 'ya'ya, kuma sirrinta shi ne a riƙa tsinka kowane kwana biyu ko uku, domin idan aka bar ɗa guda ya ƙosa a jikinta, sai uwar ta ɗauka ta gama aikinta, ta rage haihuwa. Alayyafo kuwa, saboda ƙanƙantar irinsa, a gauraya shi da yashi a yayyafa, a rufe da 'yar ƙasa kaɗan. Cikin mako huɗu ya isa miya. Hikimar da ta fi kowace amfani a kansa ita ce, kada a shuka shi duka rana ɗaya: a yi ɗan fili yau, a yi wani bayan mako biyu, ta haka gida ba zai rasa ganye ba, ba kuma zai yi yawan da za a zuba wa awaki ba. Yakuwa da rama da lalo da karkashi ba su da wuyar sha'ani, gefen danga ma ya ishe su. Kabewa a ba ta rami mai taki sosai, a nuna mata hanyar rufin ɗaki ko rumfa, ta ba da inuwa a Agusta, ta ba da taushe a kaka.

Shi zogale, wanda Turawa suka zo daga baya suna ta yabonsa suna sayar da garinsa a kwalba, laifinsa ɗaya ne: in an ƙyale shi sai ya miƙe sama, ganyensa ya fi ƙarfin hannu. A sare kansa daidai ƙirjin mutum, ya yi rassa, kowane mako a sami na kwaɗo.

Tumatir da tattasai suna yiwuwa a damina, amma da wahala, domin laima na jawo musu ciwon ganye da ruɓewa. Wanda ya nace, ya kafa wa kowane gindi sanda ya ɗaure shi, ya cire ganyen da ke taɓa ƙasa, ya gamsu da gindi biyar ko shida. Gauta da attaruhu sun fi su jure ruwa.

Kaka: adana da reno

Idan dawa ta fara sunkuyar da kai, ruwa ya ja baya, aikin mai garka ya kasu biyu. Na farko adanawa. A yanka kuɓewa a shanya, a tsinke zoɓorodo, a busar da ganyen zogale da rama da yakuwa a inuwa mai iska, domin rana mai ƙarfi tana kashe launinsu da amfaninsu. A ware iri daga gindin da ya fi lafiya da yawan 'ya'ya, ba daga ragowar da aka manta ba, a bari ya ƙosa a jikin uwarsa, a bushe shi sarai, a zuba a gora ko kwalba tare da tokar da aka tankaɗe, a toshe. Sai dai a sani, irin aure da ake sayarwa a gwangwani ko a 'yar takarda, 'ya'yansa ba sa gadon halin uwarsu yadda ya kamata, saboda haka shi kowace shekara sabo ake saye.

Na biyu shi ne renon irin hunturu. Daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, a gyara ɗan wuri mai laushi, ko tsohuwar roba da aka huda, a yayyafa irin tumatir da tattasai da albasa da kabeji da latas, a lulluɓe da busasshiyar ciyawa, da zarar sun tsiro a ɗage ciyawar a yi musu 'yar rumfa. Tumatir yakan isa dashe cikin mako uku zuwa huɗu, tattasai da attaruhu wajen mako shida, albasa mako shida zuwa takwas, sa'ad da kaurinta ya kusa na fensir. Ladabin dashe uku ne: a shayar da renon kafin a cire, a ciro shi da ƙasarsa, a dasa bayan la'asar don ya kwana cikin sanyi kafin rana ta gan shi. Karas kaɗai ba ya son dashe, inda zai girma nan ake shuka shi, cikin ƙasa mai laushi marar tsakuwa da ɗanyen taki, in ba haka ba ya fito da ƙafafu biyu.

Hunturu: daular tumatir

Abin da ya sa ƙasar nan ta shahara da tumatir, har gwamnatin Balarabe Musa ta kafa kamfanin sarrafa shi a Ikara a 1981, shi ne sanyin daren hunturu. Tumatir, wanda asalinsa daga Kudancin Amurka ne, ba ya ɗaura 'ya'ya sosai sai dare ya yi sanyi, kuma busasshiyar iska tana hana cututtukan da laima ke kawowa. Albarkar wannan sanyi da manomin fadama ke samu a eka, uwargida ma za ta same ta a fili mai taku goma. A wannan fasali ana juya al'adar damina: maimakon kunya sai fangali, wato a yi wurin shukar ya zama kwari mai gefe, don ruwan da aka zuba ya tsaya a gindi.

Ban ruwa yana da ƙa'ida. Da sassafe ko da yamma ake yi, a gindi ake zubawa, ba a kan ganye ba, kuma shayarwa mai ƙoshi bayan kwana biyu ta fi yayyafin kullum, domin yayyafi yana koya wa saiwa zama a sama. Idan aka bar tumatir ya yi ƙishi sa'an nan aka cika shi da ruwa, 'ya'yansa sukan tsage, ko ƙasansu ya yi baƙi. Albasa kuwa, idan ganyenta ya fara kwantawa, a yanke mata ruwa kamar mako biyu kafin a cire, a shanya ta a inuwa har wuyanta ya bushe. Wadda aka cire da ruwa a jiki ba ta kai bazara.

A nan ne kuma maƙiyi yake. Babu manomin yankin nan da ya manta 2016, shekarar da tsutsar da ake kira sharon ta cinye lambuna, har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayu. Ɗiyar wani ƙaramin malam-buɗe-littafi ce mai yawon dare, takan shiga tsakanin fatar ganye ta yi ta ci daga ciki, shi ya sa feshi ba ya cika samunta. Mai garka yana da makamin da mai eka goma ba shi da shi, wato ido da yatsa: ya duba gindinsa ashirin kowace safiya, ganyen da ya ga farin tabo a jikinsa ya tsinke ya ƙone. Ga darɓa da ƙananan ƙwari kuwa, a daka 'ya'yan darbejiya, a jiƙa su kwana, a tace, a yayyafa da yamma kowane mako. Wanda larura ta kai shi ga maganin kanti, ya nemi shawarar malamin gona, ya kiyaye adadin kwanakin da aka rubuta tsakanin feshi da tsinka, gama abin da ya fesa cikin 'ya'yansa zai shiga. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wadda tushenta ya faro tun 1922, ba ta da nisa da mu, kuma tambaya ba ta zama aibi ga mai neman sani.

Wata ƙa'ida da ake yawan mantawa: tumatir da tattasai da attaruhu da gauta dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya, saboda haka kada ɗayansu ya gaji wurin ɗan'uwansa. Idan aka tuge gindi aka ga saiwarsa ta yi ƙulu-ƙulu kamar carbi, ƙasar ta kamu, sai a huta da su a wurin, a sa albasa ko masara.

Bazara: gwajin haƙuri

Da Maris ya kama, rijiyoyi su ja baya, furen tumatir ya riƙa zubewa saboda zafin dare. Wannan shi ne asalin tsadar da muka ambata da farko, tun da na rani ya ƙare, na damina bai zo ba. Mai hikima ba ya jayayya da bazara. Tun a Fabrairu, lokacin araha, ya yanka tumatir da tattasai ya yi kauɗa a kan tabarma mai tsabta, nesa da ƙurar titi. Yanzu kuwa sai ya taƙaita garkarsa ga abin da zai iya shayarwa: zogale, da shuwaka, da 'yar kuɓewa, da alayyafo a ƙarƙashin rumfar kara. A lulluɓe gindi da busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi, a bar ɗan tazara daga jikin tsiron saboda gara. Akwai kuma dabarar tulu: a binne shi har wuya a tsakiyar shuka, a cika shi da ruwa, a rufe bakinsa, yumɓu yana tsatsafar da ruwan sannu a hankali zuwa saiwa, rana ba ta sha ko ɗigo.

Ruwan da gida ke zubarwa a wuriya, idan aka yi lissafinsa, ya isa garka ƙarama. Na wankin shinkafa da na wanke-wanken da ba shi da maiƙo da na alwala duka suna da kyau; na wanki mai garin sabulu da yawa ne ake guje wa, domin gishirinsa yana taruwa ya kashe ƙasa.

Fure da tsiron tukunya

Akwai masu zaton son fure baƙon abu ne da ya shigo da Turawa. Lalle kuwa furen nan mai kama da takarda da ke hawa katangu a Zariya daga waje ya zo, amma wanda ya taɓa zama kusa da bishiyar lalle da almuru sa'ad da ta yi fure ya san cewa gidan Bahaushe bai rasa ƙamshi ba tun da can. Reshen lalle ake kafawa a damina, kuma yawan yanka shi ke sa shi cika. Ɗoɗɗoya a bakin ƙofa, da na'ana'a a tsohon bokiti don shayi, da rumman a tsakar gida, duka ado ne da amfani a haɗe. Fure kuma yana kiran zuma, ita ce ke ɗaura wa kabewa aure. Garkar da zuma ba ta ziyarta furen kabewarta zubewa yake.

Haka nan shuka a tukunya. Iyayenmu sun daɗe suna ajiye gadali da karan masallaci a fasasshen kasko, ko da yake abin da wasu ke jingina wa gadali na farin jini da sa'ar kasuwa ba shi da madogara, arziki na Allah ne. Abin da ya tabbata shi ne kyan furensa idan ruwa ya sauka. Moɗa ma, wadda maharba ke murɗa tsirkiya da zarenta, 'yan'uwanta ne ake sayarwa a biranen Turai don ƙawata ɗaki, saboda tana jure inuwa da ƙishi. Ƙa'idar tukunya kaɗan ce: a huda ƙasanta, a sa tsingaro a kan hudar, a cika da ƙasa kashi biyu, yashi kashi ɗaya, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Kada a ba da ruwa sai an tsoma yatsa an ji bushewa, gama yawan ruwa ya fi ƙishi kashe tsiron ɗaki. A ajiye shi kusa da taga, a goge masa ƙurar hunturu da jiƙaƙƙen tsumma, a zubar da ruwan da ya taru a ƙarƙashinsa don kada sauro ya yi gida. Tsiro mai farin ruwa irin tinya kuwa a nisanta shi daga yara, domin yana cutar da ido. Wanda kuma yake haya a gidan da aka shafe da siminti, tsohon buhu cike da irin wannan ƙasa ya ishi gindin attaruhu ko kuɓewa biyu.

Abin da ba a auna shi da mudu

Malaman Malikiyya sun tafi a kan cewa babu zakka a kayan lambu, sai a hatsi da abin da ake ajiyewa na abinci. Ke nan duk abin da ya fita daga garka zuwa gidan wani, babu wanda ya wajabta shi: ƙwaryar alayyafo da aka miƙa ta kan danga, da kabewar da aka aika wa mai jego, da reshen lalle da amarya ta tafi da shi gidan miji, duka kyauta ce tsantsa. Ya kuma inganta a cikin Buhari da Muslim cewa Musulmin da ya dasa ko ya shuka, abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga ciki sadaka ne a gare shi, ta yadda hatta ɓarnar akuyar nan ta maƙwabci ba ta tafi a banza ba.

Saboda haka wanda ya karanta wannan, ya ga aikin ya yi masa yawa, kada ya fara da fangali goma. Ya dubi wurin da yake tsugunawa da butarsa sau biyar a yini, inda ƙasa ba ta taɓa bushewa ko a tsakiyar Afrilu, ya kafa reshen zogale guda a nan, ya kewaye shi da ƙaya. Kafin watan da ya dasa shi ya zagayo, iyalinsa sun ci kwaɗo daga ruwan da a da yake bin wuriya.